Hannunka Ya Taɓa?

Daminar bana rumbun tsimin gidanmu ya faɗi. Ruwa ne ya yi kwana biyu yana jiƙa gindinsa, da hantsi sai muka ji tim, kaji suka watse. Jikokina suka fito suna dariya, ɗaya har yana ɗaukar hotonsa da waya. Na daka musu tsawa, suka dube ni kamar na zautu, kuma ban ga laifinsu ba, don tun da suka buɗe ido ba su taɓa ganin an zuba ko zangarniya ɗaya a cikinsa ba. Su hatsi a buhu suka san shi, bayan ƙofar ɗaki, ana ɗiba da kwano har ya ƙare a tafi kasuwa. Babban cikinsu, wanda ke karatu a Gusau, ya zo yana lallashina, wai, "Kaka, kada ka damu, abinci ai akwai shi lodi-lodi a Mafara." Lodi-lodi! Wallahi da ya san abin da wannan magana ta tayar mini da bai faɗe ta ba. Na juya na shige zaure na bar su da tarin laka.

Yanzu kowa bakinsa cike yake da yawa. Ka kunna rediyo ka ji ana ambaton miliyan da biliyan kamar ana kiran kaji su ci tsaba. Yaro zai ce maka ya kira ka sau dubu, alhali sau biyu ne, kuma ba ya jin ya yi ƙarya. A zamanin da na tashi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura, kalmar yawa tana da nauyi, kuma kowace da wurinta. In an sheƙe hatsi an tara a masussuka, tuli ne. In albasa ta bazu a fadama ido bai ga ƙarshenta ba, birjik ce. Mutane a kasuwar Talata jingim suke, ruwan gulbi in ya kawo danƙam yake. Amma maƙil, wannan ta rumbu ce, kuma magidanci ba ya furta ta sai ya hau tsani da ƙafarsa, ya zura hannu ta bakin rumbun, yatsunsa sun taɓa hatsi ba tare da ya sunkuya ba. In sai ya sunkuya, to "an gode Allah" zai ce. In har kafaɗa ta shige, sai ya ce "da sauƙi", kowa kuma ya san gidan nan sai an yi tattali.

Babana shi ne mai hawa. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa shi, gaskiyarsa ce ta jawo masa. Bayan kaka, in an gama jido, maƙwabta kan kira shi ya hau rumbunansu ya duba, domin mai gida yakan ruɗi kansa, shi kuwa Baba ba ya ruɗin kowa. Har yanzu ina jin ƙarar tsanin nan, icen kirya mai reshe biyu, yana ƙiiƙ-ƙiiƙ a jikin laka, da ƙamshin sabon gero in an ɗaga hular rumbu, da amon tabarya daga kowane gida kamar ana amsa wa juna. Zai zura hannu, ya sauko, sannan ya faɗi kalma ɗaya. A kan kalmar nan ake yanke ko za a yi buki bana, ko za a sayar da akuya, ko samarin gidan za su tafi cin rani. In wani ya zo masa da labarin cewa a Damri ko Ruwan Gizo an yi hatsi kamar ƙasa, tambayarsa ɗaya ce: "Hannunka ya taɓa?" In ka ce a'a, sai ya ce, "To labari ne ka kawo, ajiye shi nan bakin ƙohwa."

Rumbu uku ne a gidanmu. Biyu na ci ne. Na ukun, wanda ya faɗi bana, shi ne na tsimi. Ana cika shi, a yaɓe bakinsa da laka, ba a kuma fasa yaɓen sai sabon hatsi ya shiga sauran biyun, sannan a kwashe tsohon a ci, a zuba sabo, a sake yaɓewa. Haka kakanmu ya bari. Inna takan ce a shekarar fari, da ruwa ya ɗauke shanu suka yi ta faɗuwa, wannan rumbun ne ya riƙe mu da gidaje uku na kusa da mu. Mu yara ko jifar ƙadangare ba ma yi a jikinsa.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai "kai wanga". Ya sa ni boko a Mafara bisa shawarar amininsa, Malam, mai koyar da littattafai a zauren da ke kallon namu, wanda ya ce a bar ɗaya ya iyo karatun Nasara ko don karanta wa gari takarda. Da aka fara aikin madatsar Bakolori na riga na zama saurayi, gemu ya fara fitowa, Turanci kuma yana yi mini ƙaiƙayi a baki. Na sami aiki wajen masu awon ƙasa. Da farko sanda mai zane nake riƙewa ana leƙe ta da madubi, daga baya wani Bature mai jar fuska da ƙaton ciki ya ga ina jin maganarsa ya mai da ni tafinta. Kai, na ji kaina! Na sayi takalmi sau-ciki da tabarau, ina tafe ina kaɗa mabuɗin da ba na komai ba ne.

Baturen nan ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Surutu ne da shi, kuma ba ya iya faɗin abu daidai girmansa. In sauro biyu suka cije shi, miliyan ne. In aiki ya ɗan taru, sai ya ce yana da shi tan da tan. Takardu huɗu a teburinsa tsauni ne, yayyafi kuwa wai da bokiti ake zubo shi. Shayi ya ce galan-galan yake sha, direbansa ya jawo masa wahala cike da babbar mota, kome nasa lodi-lodi, kome nasa filanti, wato mai yawa. Ni kuwa sai na ɗauki wannan shi ne wayewa. Ina tsintar maganganun nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar goriba, in zo dandali in zube wa samari, su yi ta shewa. Na san sarai ba nufinsa ke nan ba. Ni nake haɗa masa shayin, kofi uku ne a wuni. Wannan nake so a riƙe, domin shekaru da yawa na yi ina gaya wa kaina wai ban sani ba. Na sani.

Ran nan aka tara magidanta a gindin tsamiyar masallaci. Za a karɓi gonaki, katafila ta baje su, a ja hanyoyin ruwa, sannan a mayar wa kowa nasa. Damina ɗaya kawai za a rasa, in ji su. Wani tsoho ya tambaya, bayan nan me za a samu? Baturen ya buɗe hannuwa iyakar faɗinsu yana dariya, ya ce shinkafa da alkama tan da tan, lodi-lodi, rani da damina, har mu rasa inda za mu zuba. Idon gari duka ya dawo kaina. Ina iya cewa, "Ya ce ana sa ran alheri." Da na faɗi haka da kowa ya gane matsayin maganar. Amma ga 'yan uwana samari a baya suna kallo, ga tabarau a aljihu. Na gyara murya na ce, "Ya ce kowane rumbu na garin nan zai cika maƙil, sau biyu a shekara." Nan take aka ɗauki salati.

Baba yana cikin taron. Sai washegari da safe, ina ɗaura igiyar takalmi, ya kira ni gindin rumbun tsimi. Yana zaune a kan turmi yana gyaran ƙotar fartanya.

"Kai wanga, jiya na ji ka yi magana babba. Ta Baturenka ce ko taka?"

Na ce, "Tasa ce, Baba. Amma akwai gonar gwaji da suka yi can wajen Maradun, na je na gani. Shinkafa ce har ƙirji."

"Ba idonka nit tambaya ba. Hannunka ya taɓa?"

Gonar gwajin akwai ta, ban ƙirƙira ba. Amma daga bayan mota na hango ta, muna wucewa a guje, wani ɗan fili kore da waya kewaye da shi, wanda ake yi wa ban ruwa da inji ana zuba masa taki kamar ɗan gata. Ban sauka ba, ban murza ko ƙwaya ɗaya ba. Na dubi Baba, na ga karo na farko a rayuwata yana jiran kalma daga bakina yadda gari ke jiran tasa. Daɗin wannan ya rufe mini ido. Na ce, "Ya taɓa." Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "To, madalla." Bai ƙara tambaya ba, don a gidanmu ba a tambayar mutum sau biyu.

A lokacin hatsi ya yi daraja, saboda leburori sun cika ƙasar, kowa sai ya ci. Kawuna, ƙanen Inna, mahauci ne kuma dillalin shanu a Mafara, mutum mai dariya da saurin lissafi. Shi ya kawo shawara: tun da sabon hatsi zai zo sau biyu a shekara, mene ne amfanin barin tsoho ƙwari su ci? A fitar da shi yanzu a mai da shi bijimai biyu da garma, ranar da aka mayar da gona a shiga da ƙarfi. Inna ta ƙi. Ta tsaya a bakin madafa da muciya a hannu ta ce, "Mai gida, ba a taɓa hwasa shi ba sai sabo ya shigo. Ni ban san Bature ba, rumbu nis sani." Baba ya ce, "Yaro ya ce hannunai ya taɓa." Ina tsaye ina ji. Ko a lokacin da na buɗe baki da an tsira. Na sunkuyar da kai ina goge ƙurar takalmi.

Da hannunsa ya fasa yaɓen. Na tuna ƙarar lakar tana zubowa, da damman gero suna fitowa ɗaya-ɗaya, sun yi ja don tsufa, ƙamshinsu ya cika gida. Jakuna suka kwashe. Da yamma Kawu ya iso da bijimai biyu farare, masu tozo, yara na biye da su. Abin da ban hanga ba shi ne gari na kallo. In mai hawa ya fasa nasa, wa zai bar nasa a rufe? Malam ya ƙetaro ya sami Baba a zaure, suka gaisa gaisuwarsu mai tsawo, ta gida da iyali da gajiya da karatu, sannan ya ce, "Ashe maganar ta tabbata?" Baba ya ce, "Maƙil za a yi, in Allah ya so." Kafin mako ya zagayo Malam ya fasa nasa, haka ma gidajen da ke layinmu.

Katafila ta shigo. Ba gonaki kaɗai ta baje ba. Kukar da Inna ke samun miya, ɗorawa, gawon da awaki ke jira, duk ta tumɓuke ta tara gefe kamar shara. Iyakokin da kakanni suka shata da gamba suka ɓace, ƙasa ta zama fili ɗaya ja, ka tsaya ba ka san ina ne naka ba. Damina ta zo, ruwa ya sauka mai kyau, irin wanda manomi ke roƙo, muna zaune a zaure muna kallonsa yana zuba a banza. Aka ce a yi haƙuri, baɗi. Baɗi ta zo aka ce injin kaza bai iso ba. Fadamar da muke dogara da ita in tudu ya ƙi, ita ma ta bushe, don an tare gulbi daga sama ba ya ƙara malalowa. Rumbunan ci biyu suka ƙare tun kafin damina ta biyu. Albashina bai kai ya riƙe gida mai baki goma sha wani abu ba, ga hatsin da muka fitar yanzu ya fi ƙarfinmu. Bijiman kuwa, ba kara, ba harawa, ba dusa. Suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, garmar tana jingine ko ƙasa ba ta taɓa ba. Kawu ya zo ya ja su, bai yi dariya ba ranar, aka yanka su a Mafara kafin su mutu mushe. Abin da aka samu ya yi mana 'yan makonni.

Amon tabarya ya ɗauke daga garin, wannan ne abin da ya fi tsaya mini. Ka wayi gari ba ka jin daka. Mata na fita nesa neman tafasa da yaɗiya, a dafa a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Samari suka watse, wasu har yau ba su dawo ba. Na je na sami Baturen a ofis, raina a ɓace, na ce masa, kai ka ce tan da tan, ga mutane suna cin ganye. Ya dube ni da mamaki na gaske. Ya ce ai magana ce kawai, haka ake faɗa a wurinsu, ba alkawari ya yi ba, kuma waye zai zubar da abincinsa a kan irin wannan? Ya ji tausayi, ya buɗe kabad ya ba ni gwangwanin kifi biyu. Na karɓa, don akwai yara a gida. Ban taɓa jin na raina kaina kamar ranar ba.

Cikin damina ta uku Malam ya ƙetaro da ƙwarya a ƙarƙashin riga. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko allura ba. Matarsa ta haihu, nono ya ƙi zuwa, yana neman ko tiya ɗaya ta gero a dama mata kunu. Baba ya shiga gida ya fito hannu wofi, ya zauna ya kasa ɗaga kai. Malam bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Ya mayar da ƙwaryar cikin riga ya ce a hankali, "Ba komi. Amma kai kac ce maƙil." Ina zaune a dakalin zauren, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Jira nake Baba ya nuna ni ya ce ga wanda ya faɗa. Ya ce, "Ni nic ce, Malam. Ka yahe mini." Jaririn bai yi arba'in ba. Baba ne ya ɗauko shi a hannu zuwa maƙabarta, ni na haƙa ramin, ɗan ƙarami, ban daɗe ina haƙa ba.

Har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ba, ko Inna da ta ji da kunnenta bai bari ta ɗaga zancen ba. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Amma daga shekarar nan ba wanda ya ƙara kiransa ya hau rumbu. In ya wuce majalisa ana gaishe shi da ladabi, sai dai in ya faɗi magana ana waiwayawa a ji ta bakin wani. Mutumin da kalmarsa ɗaya ke ɗaura buki ko ta kwance shi. Ya tsufa cikin shekara biyu, ido ya fara yi masa hazo, ya koma zaman tabarma da tasbaha. Na bar aikin tafinta, na ba da tabarau, Turancin ma na daina yi sai dole.

Daga baya an mayar da gonaki, ba daidai yadda aka karɓa ba, namu ya ragu kuma ƙasar ta sama ta tafi. Ruwa ya zo ta hanyoyin siminti, an kuma yi shinkafa, ba zan hana gaskiya ba, wasu har sun yi arziki da ita. Yau hanyoyin nan rabinsu ciyawa ta cinye, gonakin nesa kuma tsoro ya hana zuwa, amma wannan wani zance ne. Ni dai na duƙufa, rani da damina, ba buki ba kasuwa, burina ɗaya ne, in mayar da abin da na fitar. Shekara ta huɗu da dawowar gona Allah ya ba ni. Na cika rumbunan ci biyu, na zuba gero a na tsimi dami bayan dami har na tsaya a kan tsani na miƙa hannu ya taɓa ban sunkuya ba. Na sauko, na je na durƙusa gaban tabarmarsa.

Na ce, "Baba, rumbun tsimi ya cika."

"Yaya ya cika?"

Na ce, "Maƙil, Baba. Hannuna ya taɓa."

Ya ci gaba da jan tasbaha, har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya lalubo sandarsa ya ce, "Kai ni in taɓa."

Ba da fushi ya faɗa ba, ba da gori ba, kamar mai neman a miƙo masa buta. Inna ta ce, "Haba mai gida, da wace ƙahwa?" Na goya shi a bayana, ba shi da nauyi ko kaɗan, na hau tsanin nan da shi yana ƙiiƙ-ƙiiƙ, ƙannena na riƙe da gindinsa. Ya zura hannu ta saman kafaɗata, na ji zangarniya ta yi ƙara ƙarƙashin yatsunsa. Ya daɗe yana shafa ta. Sai ya ce, "Maƙil ne. A kawo laka."

Na sauko da shi, na kwaɓa lakar, na yaɓe bakin rumbun ina kuka, ƙannena suna zaton na murna ne. Tun ina yaro in na ce masa na ɗaure akuya ba ya zuwa dubawa. Ya rayu shekara uku bayan wannan, kowace kaka kuma in na ce ya cika, sai na goya shi ya hau.